Babban Gogen Jamus da Ya Rabu da Wuyansa a Ƙofar Majami'a

Zuwa ga Malam Garba Dillali, wakilin kantin kayan Turai da ke bakin tashar jiragen ruwa a birnin ƙasa na gindin tudu, daga ƙaninsa Tanko Wanzami, mai shagon aski a gangaren Ladeira da Praça, cikin birnin Bahiya, a ƙetaren teku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ciniki, da gwiwar nan da ke hana ka hawowa birnin sama, ina da sanarwa mai nauyi. Ina roƙon wanda zai karanta wa jama'a wannan takarda ya gyara murya kafin ya faɗe ta. Babban gogen nan na ƙasar Jamus da ka sayar mini, wanda Turawan nan ke kira rabekau, mu kuma muke kira Bajamushe, ya rabu da wuyansa ranar Lahadin da ta wuce, da hantsi, a kan matakalar majami'a, a gaban limaman Kirista da manyan unguwa da masu tuyar ƙosai. Bai yi jinya ba. Ya bar tsirkiya uku, da baka ɗaya, da wanzamai da suka rasa inda za su sa fuskarsu.

Na rubuta da harshenmu da rubutunmu, na kuma ce a karanta ta a zauren da muke taruwa ranar Juma'a. A bainar jama'a na ji kunya, a bainar jama'a kuma na ba ka kunya, don haka bai kamata maganar ta ƙare a ɗaka ba. Na san tun tawayen bayi Musulmi da aka murƙushe a bakin ruwan Água de Meninos, 'yan doka ba su ganin takarda mai rubutunmu sai su ce shirin tawaye ne. In sun kama wannan, su nemo mai fassara, su biya shi, su sha wahalarsu. Maganar goge za su tarar.

Ga waɗanda ba su san sana'armu ba, a garin nan wanzami ba aski da ƙaho da cire haƙori kaɗai yake yi ba. In ranar bikin wani waliyyin Kirista ta zo, ƙungiyar majami'ar kan ɗauki wanzamai su tsaya a ƙofa su yi kiɗa da begila da sarewa da ganga. A ƙofa muke tsayawa, ba mu shiga. Na san akwai malamai a zaurenmu da ke ganin ko ƙofar ma ta yi kusa, kuma da suka ji abin da ya faru sun gyaɗa kai irin na wanda addu'arsa ta karɓu. Ban yi musu da su ba. Sai dai matakalar nan gadonmu ce daga marigayi Baba Na-Allah, wanda ya koya mini aska da sarewa, kuma mu ne ƙungiyar wanzaman Hausawa ta ƙarshe da ta rage a birnin. Sauran duk na Yarbawa ne, waɗanda ake kira Nago a nan. Su kullum ƙaruwa suke yi, mu kullum jana'iza. Yanzu wakilin ƙungiyar majami'a ya aiko mini cewa in bikinsu na gaba, na hura wuta, ya zo ba mu da babban goge mai lafiya, zai ba wanzaman Nago wurinmu. In sun hau matakalar nan ba za su sauka ba, kai ma ka sani.

Tsohon gogen da muka gada gara ta cinye shi daga ciki, har ya zama in an goga shi gari ne ke zuba maimakon sauti. Kiɗan titi kuwa in babu babbar murya a ƙarƙashinsa, kamar ɗaki ne marar daɓe, begila na ihu a sama, babu abin da ya riƙe ta. Shi ya sa na gangaro wurinka. Kai ka ce jirgi ya kawo waɗansu na araha daga Jamus, inda aka ce gari guda ba su da aiki sai ƙera su, wannan gida na sassaƙa wuya, wancan na yin ciki, wani na shafa fenti. Ka ce kuɗinsa bai kai na bakan irin wanda ake kaɗawa a gidan wasan Turawa ba. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya dace da mai furfura. Ga ƙarata, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, jikinsa. Ranar da aka fito da shi daga akwatin ciyawa, ja ne jawur, yana ƙyalli har mutum na iya gyara rawaninsa a cikinsa. Na jingine shi a shago inda duk mai zuwa aski zai gan shi. Wani magatakarda ya tambaye ni ko na ƙasar Italiya ne, ni kuwa na ci gaba da wasa aska ban ce a'a ba. Wannan laifina ne, ban sa shi a kanka ba. Abin da na sa a kanka shi ne, fentin ya fi katakon kauri. In ka danna cikinsa da babban yatsa sai ya lotsa kamar faifai. Kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, ɗaya ba ya juyawa sai da ƙarfin mutum biyu, ɗaya kuma yana kwancewa da kansa in an yi tari kusa da shi. Jakin, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Da askata ta biyu na kankare shi, askar kuwa ba ta ƙara aske kowa ba. Na leƙa cikinsa da kyandir na ga wata 'yar takarda da aka manna mai sunan wani gwani, da rubutun Latin. Na iya karatun Turawa daidai gwargwado, jaridarsu ma ni nake karanta wa maƙwabta. In gwanin nan ne ya ƙera wannan goge da hannunsa, to a ranar yana da baƙi a gida.

Na biyu, muryarsa, wadda ita ce ainihin abin da na saya. Audu Dogo ne mai kaɗa mana shi, don shi kaɗai ne in ya tsaya kusa da shi ba ya zama kamar ɗansa. Tsirkiyar ƙasa, mai kaurin nan, in ya goga ta sai ka ce ƙudan zuma ne ya faɗa tulu yana neman hanyar fita. Ta sama kuwa ɗan akuya ne da aka raba da uwarsa. Ta tsakiya ce kaɗai ke da murya irin ta namiji da ya ƙoshi, ita ma akwai wani wuri a jikinta da in yatsa ya sauka, sai gogen duka ya hau rawar ɗari yana gurnani, kwalaben ƙahona su amsa daga kan kanta. Audu ya haddace wurin yana tsallake shi kamar mai tsallake kwata. Sautin kuma ba ya daɗewa. Kafin baka ya kai ƙarshensa ya mutu.

Na san yadda na kirki yake. Ina zuwa Largo do Teatro in yi wa makaɗan gidan wasa aski kafin su hau, kuma na sha tsayawa bayan labule suna gwaji. Nasu ba ta kunne yake shiga ba, ta ƙirji yake shiga, ka ji shi a tafin ƙafarka, kuma bayan an ɗaga baka yana nan cikin ɗakin bai tafi ba. Ban ce ka sayar mini da irin wannan a kuɗin da na biya ba. Ni ba yaro ba ne.

Gaskiya kuma ba ta barin in tsaya nan. A titi, in ganga ta shiga, ana harba wutar biki sama, mata na guɗa, ba mai jin ƙudan zuma ko ɗan akuya. Abin da ake ji shi ne bugun nan na ƙasa da ke sa ƙafa motsi, Bajamushe kuwa yana da shi, har ya fi tsohon namu kai wa nesa. Kafin jiragen nan su fara kawo na araha, baƙin mutum ba ya mallakar irin wannan kaya sai in wani Bature ya mutu an yi gwanjon tarkacensa. Na yarda da wannan. Da muryarsa ce kaɗai matsalar, da na haɗiye, da ba ka ga takarda ba.

Na uku, ranar Lahadi. Tun asuba ake ruwa irin na daminar garin nan, wanda ba ya sauka da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Muka lulluɓe shi da buhu muka ɗauka, Audu na kai ina gindi. Da muka isa, Audu ya gwada shi, ya dube ni ya ce, "Malam, yau fa mura yake yi." Gaskiya ne. Muryar ta dushe, tsirkiyoyin sun saki, ko ƙudan zuman ya yi barci.

Yaya, kai ma a can gida aka haife ka, kuma ka fi ni wayo lokacin da aka kamo mu. Ka san abin da mai goge ke yi in damina ta sa fatar guzan da ke kan ƙwaryarsa ta saki. Wuta yake nema. Ya kara gogen kusa da garwashi, yana juya shi yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa, har fatar ta ɗaure muryar ta dawo. Masu kalangu ma haka suke yi. Na ga wannan da idona ina ƙarami a ƙofar gidan ubana, kuma cikin abubuwa kaɗan da na ƙetaro teku da su har da shi. Mai gangarmu ma a ranar haka ya yi da gangarsa. A gindin matakalar akwai wata Bayarabiya mai tuyar ƙosai, ta hura wutarta ƙarƙashin rumfa. Na roƙe ta, muka jingine Bajamushe a bangon kusa da murhunta, bayansa da gindin wuyansa na fuskantar wuta. Ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Baba wanzami, shi ma in juya shi in ya yi ja?" Muka yi dariya. Ni na ma fi kowa.

Limamansu suka daɗe a ciki, shi kuma ya daɗe a wurin. Da aka buɗe ƙofa muka ɗauko shi da ɗumi kamar sabuwar gurasa. Audu ya murɗa kunnuwa, ya ja baka, kuma wallahi muryar ta dawo, har ta fi ta kullum. Na dubi mutanena da ido irin na wanda ya san abin da Turawa ba su sani ba. Aka fito da gunkin waliyyin a kafaɗa, wakilin ƙungiya ya ɗaga sandarsa, na sa sarewa a baki, muka fara.

Ba mu yi nisa ba na ji wani ƙara kamar an karya rake. Na waiwaya na ga Audu tsaye da wuyan goge a hannun hagu, baka a hannun dama, yana ci gaba da goga iska don hannunsa bai samu labari ba tukuna. Gangar jikin kuwa ta kwanta da baya ta fara sauka matakala, tana buga kowane hawa da murya mai zurfi wadda ba ta taɓa yin irinta ba tana da rai. Masu ɗauke da gunki suka dare, gunkin ya karkata har hular zinariyarsa ta zame. Wata tsohuwa ta yi ihu tana alamar gicciye a ƙirji. Bajamushe bai tsaya ba sai da ya kai ga tiren mai ƙosai.

Wanzaman Nago suna tsaye a gefe, don sun zo kallo. Ba su yi dariya ba, Yaya, da sun yi da ya fi sauƙi. Shugabansu ya tako a hankali, ya ɗauko mini jakin gogen daga cikin kwata, ya share shi da hannun rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Sannu, Baba. In kuna so mu ƙarasa muku, kayanmu na kusa." Wakilin ƙungiya ya ce su ɗauko. Su suka raka gunkin. Mu muka bi ta bayan gari da gawa a buhu. Tun ranar, duk wanda ya zauna a kujerata sai ya dafe wuyansa ya ce, "Malam, nawa dai a bar mini shi." Mutum na farko ya ba ni dariya. Yau kwana nawa ke nan, har wanda ban taɓa gani ba yana hawowa gangaren don ya faɗa.

Na huɗu shi ne wanda alƙalamina ya fi jinkiri a kansa. Washegari na gangaro kantinku da wuyan a hannu. Baturenka na zaune a bayan tebur, akwai masu saye. Kai ka taso da fara'a, ka yi mini magana da Hausa a hankali yadda ba mai ji, ka ce, "Tanko, zo mu koma ciki. Ka kai shi kusa da wuta ne?" Ni kuwa na amsa maka da harshen Fotugis, da ƙarfi, don kowa ya ji. Na ce ka san ruɓaɓɓe ne ka sayar mini. Na ce a wurin waɗanda suka sayar da mu ka koyi ciniki.

Jama'ar zaure, ga wanda bai sani ba, ni da Malam Garba jirgi ɗaya ya kawo mu, kuma ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafarsa da tawa. Shi saurayi ne, ni ban fi ɗan kaciya ba. In an miƙo ruwa shi yake fara ba ni. Ba ni da wa a ƙasar nan in ba shi ba. Shi na faɗa wa wannan magana, a gaban mai gidansa, da harshen mai gidansa. Malam Garba ya karɓi wuyan daga hannuna, ya naɗe shi da ciyawa don kada ya ƙara tsagewa, ya mayar mini. Na hau gangaren nan da rana tsaka, kuma faɗuwar goge a matakala ta zama ƙaramin abu a raina.

Maganar nan na janye ta, da wurin da na faɗe ta, da harshen da na faɗe ta da shi. Na janye a gaban duk wanda ke sauraro. Amma ƙarata ban janye ba. Na duba inda wuyan ya fita. Babu ƙusa, babu turke, babu ɗauri. Danƙo ne kawai, shi ma an shafa shi kamar ana jin ciwon kuɗinsa. Kayan da za a aiko ƙasar da rana ke narkar da kyandir a cikin ɗaki, ya kamata a ƙera shi don ƙasar. Gogen gida ƙwarya ce da fata da izgar doki, yana shan wuta shekara da shekaru bai ce uffan ba. In na Jamus ba ya son ɗumi, hakkin mai sayarwa ne ya faɗa, ko da baki ne.

Saboda haka ina neman abu uku. Ka gaya wa Baturenka ya karɓi wannan ya ba ni wani kafin bikin hura wuta. In ya ƙi, kantinku ya ɗauki nauyin gyara a wurin wanda ya san aikin, ba kafintan akwatin gawa ba. Sannan duk Bahaushe ko Banufe ko Babarbaren da ya zo sayen irin wannan kaya, a faɗa masa gaskiyar abin da zai samu: murya mai isa titi wadda ba ta isa ɗaki, da jiki mai son lallashi. Talaka ba ya ƙin na araha. Yana dai son a gaya masa inda arahar ta ɓuya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta gwiwarka, ya sa albarka a cinikinka, ya tsare ka daga sharrin 'yan doka da na ƙanne masu dogon harshe. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na nan da na can gida, ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Tanko Wanzami

Bayan na naɗe takardar nan na sake buɗe ta. Ɗazu shugaban wanzaman Nago ya zo cire haƙori, kuma kafin in sa masa ƙarfe a baki ya gaya mini nasu gogen ma daga kantinku yake, jirgi ɗaya da nawa, kuma ya sha ruwan Lahadi tun daga majami'a har bakin teku bai yi ko tari ba. Da ya tafi na kankaro ɗan danƙon daga wuyan, na ɗora a gefen kaskon da nake ɗumama ruwan aski. Kafin ruwan ya yi zafi danƙon ya narke ya zama kamar zuma.

Ni na gasa shi, Yaya. Ban goge abin da ke sama ba, don jama'a su ji girman bakina tukuna. Buƙata ta farko da ta biyu ba hakkina ba ne, roƙo ne. In ka ce a'a, da ƙafata zan je in gaya wa wakilin majami'a ya ba Nago matakalar.